Kwaltar da Na Shafa a Rufin Zaure

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Woodbridge, ranar Alhamis bayan La'asar.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ƙirjinki a sake, numfashinki yana fita ba tare da wannan ƙarar da ke hana ni sukuni ba. Allah Ya tsare ki a hanyar da za ki kama, Ya tsare ki a garin da ba ki san kowa ba, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa.

Na san karatun Hausa yana ba ki wahala. Ki bi a hankali, ko zai ɗauke ki kwana biyu. Amma kada ki kai wa Gwaggonki ta Mitchellville ta karanta miki, kada kuma ki ba waya ta fassara. Ƙofar ɗakinki tana kallon tawa, duk da haka sai da na nemi biro, domin sau uku ina buɗe baki a kicin maganar tana komawa ciki.

Ran Litinin za ki ba Malam Isaka mai gareji amsa a kan rufin Zaure, wato motar nan ta Babanki mai ɗaki da gado da kicin a ciki. A cikinta kika ce za ki zauna yanzu da kika karɓi aikin nas mai yawon asibitoci, wata uku nan, wata uku can. Kin ce kin gama shawara: a liƙe gaban da ya yi yoyo, a bi sauran da shafe, kwana uku an gama, ki isa Ohio kafin farkon wata. Ummi, don Allah kada ki yi haka. A yaye rufin gaba ɗaya har katako, daga gaba har baya. Da na ce miki a duba baya ma, dariya kika yi, kika ce, "Mama, yaushe kika zama injiniya?" Ban zama ba. Na san bayan ya ruɓe ne saboda ni na ruɓar da shi, kuma daidai saman gadon da za ki kwanta da asmarki.

Bari in ɗauko miki daga farko.

Babanki, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekaru yana ɗauko fasinja daga filin jirgin Dulles. Yakan ce, "Na kai mutane ko'ina, ni ban je ko'ina ba." Shi ya sa ya sayi tsohuwar motar nan. Rufinta ya tsufa, sai an sake. Lokacin kina makarantar jinya, kina ta turo masa saƙo cewa faiba za a sa, wannan abu mai tauri da ake yin jikin kwale-kwalen zamani da shi. Ranar da zai je gareji ya ce mini, "Gida ne ai, kuma ke ce uwargida. Taho ki zaɓi rufinki."

Malam Isaka, mutumin Kumasi, ya jera mana guntayen kayan rufi iri huɗu a kan benci. Sai ya yi tambayoyi. A ina motar za ta riƙa tsayawa, rana ko ƙarƙashin itace? Akwai mai hawa samanta? Akwai mai ko maiƙo da zai taɓa rufin? Babanki ya dafa ƙugu ya ce, "Ni da bayan nan nawa? Ko a mafarki ba na hawa tsani." Ya juyo gare ni yana zolaya, "Sai dai ko Hajiya." Suka tuntsire da dariya. Na ja mayafi na rufe baki na ce, "A'a."

Ƙarya na yi, Ummi. Tun ranar da motar ta shigo layinmu na leƙa ta tagar bene na ga samanta, fili fetal, rana na dukansa daga hantsi har La'asar, ga tsani a baya. A zuciyata na riga na baza tattasai a kai. Amma yaya mace mai shekaruna za ta ce wa namijin da ba muharraminta ba tana hawa kan mota? Malam Isaka ya ce tunda ba mai hawa, roba ta wadatar: ba nauyi, ba ta da ƙara in ana ruwa, Alhaji zai yi karatunsa cikin natsuwa. Ni na miƙa hannu na taɓa robar na ce, "Wannan." Ba Babanki ba ne ya zaɓa. Ni ce.

To, ga shawarata ta farko. In mai sana'a ya tambaye ki yadda kike rayuwa, ba mutuncinki yake aunawa ba, aikinsa yake aunawa. Ki faɗa masa gaskiya ko da kunya za ta kashe ki. Da na ce "E, zan hau", da dariya ɗaya za a ƙara, a ba mu wani rufin.

A hanyar dawowa Babanki ya ce, "Wasa nake a gareji, amma yanzu da gaske nake. Kada ki hau. In kika faɗo ina wurin aiki, wa zai ɗaga ki?" Na ce to.

Ba ki san gidanmu na Zariya ba sai a hoto. A can shanya a kan soro ake yi. Inna takan tura mu da kuɓewa da tattasai da ganyen kuka, mu baza, mu zauna gadin tsuntsaye. A nan bayan gidanmu inuwa ce kawai, ga kurege ba ya barin komai. Na gwada busarwa a oven, miyar ta fito kamar an dafa takarda. Sai na riƙa jira Babanki ya fita bayan Azahar, in leƙa layi in ga ba kowa, in ɗaure zani tamau, in hau.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin wurin. Tun zuwana ƙasar nan ban sami inda iska ta taɓa ni irin ta gida ba sai can. In na gama baza kaya sai in zauna da carbina, ina jiyo jirgin ƙasa can nesa yana wucewa da masu dawowa daga Washington. Wannan daɗin shi ya sa nake kasa cewa kuskure ne kawai. Na san an hana ni, na kuma riƙa komawa.

Da Babbar Sallah ta zo naman layya ya yi mana yawa, na ce bari in yi kilishi. Na yanyana, na shanya, na tsoma a labu mai tunkuza, na sake jerawa a farantan ƙarfe na hau da su. Maiƙo ya yi ta ɗiga ban kula ba. Rana ta uku na ja wani faranti mai lanƙwasasshen baki, sai na ji kyaat, kamar an yage atamfa. Tsagar ba ta wuce tsawon yatsana ba, a gaba, saman kabad ɗin littattafai. Da na duba baya kuma, kusa da 'yar tagar sama da ke kan gado, inda maiƙon ya taru, robar ta kumbura ta yi laushi kamar ƙunar ruwan zafi. Na danna da yatsa, ta fashe.

Da yamma Babanki ya ci kilishin, ya tauna a hankali, ya ce, "Wannan kilishin ya ga rana." Ya dube ni. Na ce Allah Ya sa albarka, na tashi na ɗebo masa ruwa.

Sai a makon nan da muke ciki Malam Isaka ya nuna mini wani tef mai gam da aka yi musamman don irin wannan tsaga. A goge wurin, a manna, a danne. Ya ce kafin ruwan shayi ya tafasa an gama. Na riƙe shi a hannuna ina jujjuyawa. Ummi, in kika yi ɓarna, ki faɗa a ranar, tun tana tsawon yatsa. Ni na tsaya lissafin fuskar da Babanki zai yi.

Abin da na yi maimakon haka shi ne na tuna mahaifina. Kowace shekara kafin damina yakan hau rufin kwanon shagonsa da gwangwanin narkakkiyar kwalta da tsumma, ya bi ramukan ƙusa ɗaya bayan ɗaya, kuma ruwa bai taɓa zubar masa a kan kaya ba. Na je kantin kayan gini ni kaɗai. Ban tambayi kowa ba, don kada a tambaye ni. Na ga baƙin bokiti da hoton rufi a jiki, na buɗe a mota, warin ya dake ni, warin shagon Baba sak. Har hankalina ya kwanta. Na yi bisimilla na lafta ta a wuri biyun nan da kauri. Bayan kwana biyu na ɗauko ragowar farin fentin da aka yi wa baranda na bi kai, don kada a gani daga bene. Da na sauko har nafila na yi ta godiya. Ina tuna wannan nafilar yanzu sai in ji kunyar Ubangijina.

Kwalta ta kwano ce. A kan roba cinta take yi, ta narkar da gam ɗin da ke riƙe ta da katako. Tsagar yatsa ta zama tafin hannu a ƙarƙashin fenti, ni kuwa ina ganin fari daga taga ina cewa alhamdu lillahi. Saboda haka ki riƙe wannan: kowane rufi da nasa abin liƙi, ba a ara masa na wani. Duk wanda aka sa miki, ki sa Malam Isaka ya rubuta sunansa da sunan abin liƙinsa a bayan ƙofar kabad. Kada kananzir ko fetur ko man girki ya hau kai. Ruwa da sabulu mai laushi kawai. Abin da kika ga iyayenki sun yi a wani wuri, ki tambaya tukuna ko ya dace da inda kike.

Motar ba ta yi yawon da Babanki ya yi mata buri ba. Sau ɗaya muka je duwatsun yamma muka kwana biyu. Amma ta zama masa zaure, har sunan ya bi ta. Ran Juma'a in sun taso daga masallacin Sterling abokansa sukan biyo shi, a dafa shayi, a yi ta musu har Magariba. A can kuma ya mayar da Alƙur'anin kakanki, rubutun hannunsa, warƙa warƙa a cikin gafakar fata, wanda aka yi miki alkawarinsa ranar saukarki. Kin san ba a ɗora komai a kan Alƙur'ani, wuri mafi tsawo ake nema masa. Wuri mafi tsawo a Zaure shi ne kabad ɗin gaba, wanda ba abin da ya raba shi da rufi sai katako. Daidai ƙarƙashin kwaltata.

Da sanyin shekarar, ciwon bayan Babanki ya tashi sosai, ya yi wata biyu bai leƙa motar ba. Dusar ƙanƙara ta zauna a kai, ta narke, ta sake zama. Sau biyu ina yin alwala don in je in ɗauko gafakar. Sai in tsaya a bakin ƙofa in ce, in ya tambaye ni dalili fa? Sai in ce ai kwalta tana riƙewa, in koma ciki. Cikin duk abin da na yi, wannan ne ba na iya kallo.

Ranar da aka buɗe motar kina nan, Asabar ce da hantsi, kina hutu. Ba sai na tuna miki warin ba, ko silin ɗin da ya yi ciki ya sauko. Babanki ya miƙa hannu ya sauko da gafakar, baƙin ruwa yana bin gwiwar hannunsa. Abin da ya fara cewa shi ne, "Kawo kwano, kada ya zuba ƙasa." Na kawo, ya tara ruwan tawadar. Warƙoƙin sun manne sun zama dunƙule ɗaya, jan wasali ya shiga baƙi, fumfuna ta bi gefe. Ya zauna a kan matakala da shi a cinya.

Kika fara, cikin Turancinki. "Na faɗa maka, Baba! Na turo maka komai! Kullum sai ka yi abin da ka ga dama, don kada a ce 'yarka ta fi ka sani. Nawa ne wannan. Nawa ne, ka lalata mini." Ya ɗago ya ce, "Ki yi haƙuri, Ummi. Laifina ne." Ina tsaye taku biyu daga gare ku da kwano a hannu. Na yi salati. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

Ya kai ruwan tawadar gindin itacen baya, inda ba a takawa, ya zuba. Ya yi makonni yana raba warƙoƙi da bakin wuƙa yana sa su tsakanin tsummoki masu tsabta. Ya ja tampol ya rufe motar. Abokan Juma'a suka zo sau biyu suka zauna a falo a takure, daga nan suka daina. Ke kuma kika yi watanni kina gaishe shi a tsaye. Ina kallo. Kullum ina cewa bari ƙura ta lafa in faɗa, da ta lafa sai na ce to me ya sa zan tayar da ita. Shekara ta zagayo, wata safiyar Talata zuciyarsa ta tsaya, ina kicin ina dama masa kunu.

Na yi takaba ina gaya wa kaina cewa aƙalla ya tafi bai sani ba. Da wannan na rayu har Talatar da ta wuce.

Na je gareji ni kaɗai, kina wurin aiki. Na yi niyyar in lallaɓi Malam Isaka ya yaye bayan ba tare da na yi bayani ba. Ya ba ni kujera, ya kira ni yadda suke kiran uwa a Kumasi, ya ce, "Maame, motar ta Ummi ce yanzu, abin da ta ce shi zan yi. Na gaya mata a yaye duka, ta ce silin na baya fari ne tas, kuma ba ta da mako ukun da aikin zai ci. Ina jin tana ganin aiki nake nema wa kaina." Sai ya goge hannu da tsumma, ya ce, "A bayan ma akwai kwaltar?"

Na ce, "Yaya aka yi ka sani?"

Ya ce bayan abin ya faru Babanki ya kira shi gida, ranar ina asibiti ganin likitan ido. Ya hau gaban, ya kankare fentin da makulli, baƙi ya fito. Ya sauko ya ce, "Alhaji, wa ya yi wannan aika-aika?" Babanki ya ce, "Ni ne." Ya ce, "Ei, Alhaji! Kai da ko daga kujera sai na kama ka kake tashi?" Sai ya buɗe hannu ya nuna masa abin da ya ɓanɓaro a cikin kwaltar: busasshen tattasai guda ɗaya. Ya ce Babanki ya karɓa ya daɗe yana kallo, ya yi murmushi, ya sa a aljihu. Ya hana shi duba sauran rufin. Ya ce, "In yarinyar ta tambaye ka, ka ce ni na zaɓi abin da bai dace ba. Gara ta yi fushi da ni, ni ina fita aiki, su biyun ne a gida. Hajiya kuma kada ka ce mata komai. In ta shirya za ta faɗa mini da kanta."

Ummi, shekara guda ya yi yana jira. Kullum ina ajiye masa abinci, yana cewa sannu, yana jira. Kuma da nake kwashe kayansa bayan rasuwa na sami wani baƙin tattasai a naɗe cikin takarda a aljihun jallabiyarsa. Na ce wannan kuma wace irin shara ce, na jefa a kwandon shara.

Malam Isaka ya ce, "Na karya alkawarin mamaci, Allah Ya yafe mini. Amma yarinya mai asma za ta rufe ƙofa ta kwana a ciki. Ni ba zan gaya mata ba, Maame. Wannan naki ne."

Na san abin da takardar nan za ta ɗora miki. A zaman makoki kin kwanta a cinyata kina cewa ba ki taɓa ba shi haƙuri ba, na shafa kanki na yi shiru a nan ma. Yanzu kuma na gaya miki cewa wanda kika yi wa faɗan ba shi da laifi. Ki saurare ni. Kin yi magana a kan abin da aka nuna miki, ni ce na ɓoye sauran. Nauyin kalmomin nan a wuyana yake, haka nake faɗa wa Allah a kowace sujada. Ke kina da uzuri, kuma shi da kansa ya zaɓi ya ɗauka. Ni ce ba ni da inda zan kai nawa. Wanda zan roƙa yana ƙarƙashin ƙasa, na yi sadaka, na yi azumi, ban ji komai ya motsa a ƙirjina ba. Ban yanke ƙauna daga rahamar Allah ba, don an koya mana haramun ne. Amma daga kaina na yanke.

Ban bar garejin ba sai da na sa ya sake jero guntayen nan, na zauna da littafina kamar 'yar makarantar allo, yana faɗa ina rubutawa. Ga abin da na kwaso miki.

Roba ba ta da laifi. Ki cire wannan daga ranki, don na san saboda ita kike ganin wautar Babanki. Ba ta da nauyi, ba ta da ƙara, tana daɗewa a hannun wanda zai bar ta ta huta. Abokan gabanta maiƙo da reshen itace da irina.

Alminiyom ɗan'uwan kwanonmu ne. Reshe ba ya yaga shi, amma in ana ruwa kamar ana buga ganga a kanki, ke kuwa aikinki yakan sa ki barcin rana. Yana lotsewa, kuma yoyonsa ta mahaɗa da bakin ƙusoshi yake bi a ɓoye, sama lafiya ƙasa ruɓa. Wannan bayanin da ya yi sai na ji kamar da ni yake.

Faibar da kike so tun farko tana da tauri, ana takawa, ana wankewa cikin sauƙi. Amma tana da nauyi, motar kuma tsohuwa ce, sai an tabbata ƙashinta zai ɗauka. In ta tsage gyaranta ba na kowa ba ne, kuma a ƙaramin gari ba lallai ki sami mai yi ba. Sai ta huɗun, wata farar leda mai kauri da ake shimfiɗawa kamar robar. Tana mayar da zafin rana, akwai irin da maiƙo ba ya yi wa komai, sai dai ya ce ingancinta ya danganta da inda aka yi ta da hannun da ya shimfiɗa, don haka kada ki yarda da wadda ba a san asalinta ba.

Ba zan zaɓar miki ba, na zaɓa sau ɗaya kin ga inda ya kai mu. Amma na san 'yata. Za ki hau share ƙanƙara, za ki hau goge faifan solar da kike maganar sawa, za ki ajiye motar duk inda kika sami wuri kusa da asibiti, ko da ƙarƙashin itace ne. In ya yi miki tambayoyin nan uku, ki ce masa e, e, e. Daga nan ku duba tsakanin faibar da ledar.

Kuma ko wanne kika ɗauka, ba a ɗora sabo a kan jiƙaƙƙen katako. Shafen da kike so a yi rufe ruwan zai yi a ciki, fumfuna ta ci gaba da girma a saman fuskarki, ga sanyin Ohio, ga tagogi a rufe, ga ni nesa. Ki tsaya a wurin ranar da za a yaye. Ki danna katakon da babban yatsanki, duk inda ya nutse a cire, har audugar tare sanyi da ke ƙarƙashinsa. Ki shinshina da hancinki. Bayan an gama, duk shekara sau biyu ki bi mahaɗa da gefen tagogin sama da ido, kafin sanyi da bayansa. In asibitin ba za su jira ki mako uku ba, ki kama ɗaki a can har a gama, ko ki bar wannan aikin ya wuce. Wani zai zo. Ƙirji ɗaya gare ki.

Warƙoƙin da Babanki ya ceto ba su da yawa, daga tsakiya ne, wasu rabinsu kawai ake karantawa. Na ɗinka musu sabon farin ƙyalle, na sa a akwatinki, a saman kaya. Naki ne tun ranar saukarki. Kada ki ɗora su a kabad ɗin sama sai damina ɗaya ta wuce a kan sabon rufin kin taɓa kin ji a bushe.

Ban rubuto don ki yafe mini ba. In na ce ki yafe, na sake ɗora miki wani aikin. Ke kaɗai kika rage mini a ƙasar nan, kuma na san mai yiwuwa ne bayan kin karanta ki daina shigowa kicin, ki gaishe ni a tsaye kamar yadda na bari kika yi masa, ki tafi ba sallama. Na auna wannan da numfashinki, na ga ba su zo kusa ba. In kin tafi ba ki waiwayo ba, ba zan kai ƙararki wurin kowa ba, ba kuma zan fasa yi miki addu'a ba. Ki dai yaye rufin.

Allah Ya kiyaye gabanki da bayanki, damanki da hagunki, da abin da ke samanki. Allah Ya kai ki lafiya, Ya sauke ki lafiya, Ya sa rufin da za ki kwana a ƙarƙashinsa ya zama mai aminci. Allah Ya jiƙan Babanki, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da abin da ni ban iya saka masa ba. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Ni ce,
Mamanki.

In kina shakka, ba sai kin tambaye ni ba. Ki hau tsanin, taku biyu, hannun hagu, ƙarƙashin leɓen 'yar tagar da ke kan gado. Ki kankare da makulli. Za ki ga baƙi.